Waɗanne wasannin gargajiya ne suka dace da bikin yara, kuma yaya ake gudanar da su?

Wata uwa ta rubuto cewa ɗanta zai cika shekara 7, ta gayyaci yara kimanin 20, maza da mata, masu shekara 4 zuwa 10, kuma tana so su yi sa'a biyu suna irin wasannin da aka saba tun dā, maimakon kowa ya rungumi waya ko a jera su gaban talabijin. Tana neman a faɗa mata wasannin da za ta zaɓa da yadda za ta gudanar da su ba tare da an tashi da koke-koke ba.

Malama, jerin sunayen wasanni ba shi ne mai wuya ba, domin ina da yaƙinin kin yi galibinsu da ƙuruciya, kuma wasa biyar ko shida sun ishe ki cika sa'a biyu idan aka haɗa da lokacin isowa da na cin abinci. Abin da ke raba bikin da ya yi armashi da wanda aka tashi ana lallashi shi ne yawan mintunan da yaro yake ɓatawa a gefe yana kallon 'yan'uwansa suna wasa. Da yawa daga cikin wasannin da aka gada an gina su ne a kan fitar da wanda ya kuskure, ɗaya bayan ɗaya, har a bar gwani guda. Idan yara ne suke wasansu su kaɗai, wannan ba ya damunsu sosai, saboda su ke riƙe da wasan, kuma wanda aka fitar ya san yanzu-yanzu za a sake sabon zubi. A wurin biki lamarin ya bambanta: babba ne yake alƙalanci, akwai baƙin fuskoki, wataƙila akwai kyauta, sannan kusan kullum mafi ƙanƙanta ne ake fara fitarwa, wato wanda ya fi kowa gajen haƙuri. Ki ƙiyasta da kanki. Yara 20 a wasan kujeru, inda ake zagaya kujeru ana kiɗa, da an tsaya wanda ya rasa kujera ya fita, suna bukatar zagaye 19 kafin a sami wanda ya ci, kuma idan kowane zagaye ya ɗauki rabin minti, tare da janye kujera da raba gardama, yarinyar da aka fara fitarwa za ta yi kusan minti 10 ba ta da abin yi. 'Yar shekara 4 ba ta zaman minti 10 haka kawai. Ko dai ta fashe da kuka, ko ta tafi ta nemo wa kanta aikin da ba za ki so ba. Saboda haka duk wasan da zan ambata zan haɗa shi da gyaran da zai bar kowa a ciki.

Kafin a zo ga wasannin sai an dubi shekarun baƙin naki, domin tsakanin ɗan shekara 4 da ɗan shekara 10 akwai tazara mai yawa. Jean Piaget, masanin tunanin yara ɗan ƙasar Suwizalan, ya zauna yana kallon yara suna wasa da ƙananan ƙwallayen gilashi da ake harbawa da yatsa, kuma a binciken da ya wallafa a 1932 ya nuna cewa waɗanda ba su kai shekara 7 ba kwaikwayon dokokin wasa kawai suke yi, kowa yana yin nasa, har a tashi kowannensu yana ganin shi ya ci. Daga wajen shekara 7 ko 8 ne yaro yake fara damuwa da doka ɗaya da ta hau kan kowa da kuma son kayar da abokinsa, sannan wajen shekara 11 ko 12 su kai ga tsara dokoki dalla-dalla da jin daɗin muhawara a kansu. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, a jadawalinta na girman yaro, ta sanya bin doka da jiran layi a wasa, da kuma tsalle da ƙafa ɗaya, cikin abubuwan da galibin yara suke iyawa a shekara 5. Abin da wannan yake nufi a wurinki shi ne 'yan shekara 4 da 5 motsi da waƙa da maimaitawa suke so, ba ruwansu da wanda ya ci, amma ba sa gane dalilin da zai sa a ce su koma gefe. 'Yan shekara 8 zuwa 10 gasa ta gaske suke so, kuma su ne za su tsare ki da “Ai ya motsa, na gan shi!” idan kika kawar da kai daga wani kuskure. Sa'o'in ɗanki kuwa, masu shekara 6 da 7, su suka fi wuyar sha'ani, domin sun fara son nasara amma ba su koyi haɗiye faɗuwa ba tukuna.

Waɗannan wasanni sun daɗe ana gwada su a kan yara. Julius Pollux, wani malamin harshen Girkanci da aka haifa a Masar a ƙarni na 2 miladiyya, ya bayyana wasan ɓuya da wasan ɗaure ido kamar yadda yaran Girka suke yin su, kuma bayanin bai yi nisa da abin da ake gani yau ba. A 1560 mai zane Pieter Bruegel ya zana wani dandali cike da yara sama da 200 suna wasanni fiye da 80. Zanen yana wani gidan tarihi a birnin Vienna, kuma wanda ya ƙura masa ido zai tsinci masu carafke da ƙasusuwa, da masu ɗaure ido, da masu tsallake bayan juna, da masu tura gare. Abin da ya raya su tsawon wannan zamani shi ne ba sa cin kaya, kuma ana koyonsu cikin minti ɗaya da kallo kawai. Wannan ne ma'aunin da za ki riƙe: wasan da ba za ki iya bayyana shi da jimla uku ba, ki bar shi. Ko wanda kika zaɓa ma kada ki tsaya dogon bayani. Ki kira biyu daga cikin manyan yaran ku gwada a gaban kowa, gani ya kori ji.

Yara ba sa isowa lokaci guda, don haka minti 15 na farko ba na wasan taro ba ne. Ki zana 'yar gala-gala guda biyu a ƙasa da alli, ki ajiye doguwar igiyar tsalle, ki tanadi duwatsun carafke a wani gefe don manyan. Duk wanda ya iso zai tarar da abin shiga ba sai an gabatar da shi ga kowa ba, mai kunya kuma zai sami damar tsayawa ya kalla kafin ya sa ƙafa. Ƙananan a yarda su dira da ƙafa biyu, igiyar kuma a shimfiɗa musu a ƙasa ana karkaɗawa suna tsallakewa.

Idan an hallara, wasan farko ya zama na da'ira, domin a da'ira kowa yana ganin fuskar kowa, babu na gaba babu na baya. Wanda na fi so shi ne ajiye hankici, wanda ake yi daga Sin da Indiya har Faransa. Yara su zauna suna fuskantar ciki suna waƙa ko tafi, ɗaya yana zagayawa ta bayansu da hankici a hannu, ya saki a bayan wani a ɓoye. Wanda ya farga an ajiye masa sai ya ɗauka ya bi shi a guje, shi kuma mai ajiyewar yana ƙoƙarin zagayowa ya zauna a gurbin da aka bari. Ba a fitar da kowa, amma wasan yana da aibi ɗaya da ya kamata ki sa wa ido: yara abokansu suke zaɓa, har a yi zagaye goma wata yarinya ba a ajiye mata ba ko sau ɗaya, tana ta waiwaye tana laluba bayanta ba ta jin komai. Maganinsa shi ne duk wanda aka riga aka zaɓa ya harɗe hannuwansa a ƙirji, kuma ba a ajiye wa mai harɗaɗɗen hannu. Da yara 20 ya fi kyau a yi da'ira biyu, domin a babbar da'ira jiran yana yawa, zagayen kuma ya fi ƙarfin ƙafar ƙaramin yaro.

Daga nan sai wasan tsayawa cak, wanda a ganina babu kamarsa ga taron da shekaru suka bambanta. Iri biyu ne. A na farko ana kiɗa ko tafi yara suna rawa, da an katse sai kowa ya sandare yadda yake. A na biyu, wanda yaran Japan da Koriya da Ingila da Faransa duk suke yi, yaro ɗaya yake tsayawa ya fuskanci bango yana faɗin wata gajeriyar magana, sauran suna sanɗo daga nesa, da ya juyo kowa ya tsaya; wanda aka gani yana motsi ya koma layin farko, wanda ya fara taɓa bangon shi zai karɓi tsaron. Na biyun ya zo da gyaransa, tunda komawa baya ake yi ba fita ba. A na farkon kuwa, maimakon a fitar da wanda ya motsa, sai a ce ya yi tsalle uku ya koma, ko kuma ki juya abin gaba ɗaya ki riƙa yabon wanda tsayuwarsa ta fi ban dariya a kowane zagaye. Ki lura da yadda ɗan shekara 4 yake tsayawa: ƙafa ɗaya a sama tana rawa, kumatu a kumbure don danne dariya, idanu suna bin ki duk inda kika yi. Aikin da yake yi a wannan lokacin ba ƙarami ba ne, domin jikinsa yana neman ci gaba da motsi, shi kuma yana hana shi. Masu bincike a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka, ciki har da Megan McClelland, sun yi amfani da ire-iren waɗannan wasanni na tsayawa da tafiya a makarantun renon yara, kuma a binciken da suka fitar a 2011 sun ga ci gaba a kamun kan yaran da suka fara da rauni a wannan fanni.

Ɗan'uwan wannan shi ne wasan umarni. Jagora ya ce “Sarki ya ce ku taɓa hanci,” kowa ya taɓa. Idan ya ce “Ku taɓa kunne” bai ambaci sarki ba, wanda ya taɓa ya faɗa tarko. Ya fi wancan wuya, saboda yaro yana ganin hannunki a kunne yana kuma jin maganar da ba ta ba shi izini ba, 'yan ƙasa da shekara 5 kuwa ido suke bi. A kasa yaran gida biyu, wanda ya faɗa tarko ya sauya gida kawai ya ci gaba.

Wasan kujeru shi ne ya fi kowanne haddasa kuka, kuma shi ne ya fi sauƙin gyara. A riƙa janye wurin zama amma ba a janye yaro. Maimakon kujeru ki shimfiɗa ƙananan tabarmi ko shafukan jarida a ƙasa, ana kiɗa suna zagayawa, da an tsaya kowa ya hau ɗaya, kuma an yarda mutum biyu ko uku su haɗu a wuri guda. Kowane zagaye a ɗauke ɗaya, har a kai ga yara 20 suna cunkushe a kan tabarmi uku ko huɗu, suna riƙe juna kada wani ya faɗo. Dariyar da ake yi a nan ta fi ta asalin wasan, kuma manyan da a dā za su ture ƙaramin yaro don su riga shi zama, yanzu su za su jawo shi sama. An kuma kauce wa kujerar roba da take kifewa idan yara biyu suka faɗa mata tare. Idan manyan suka nace sai an yi na gaske, ki ware su shida ko takwas su yi lokacin da ƙananan suke shan ruwa, duk wanda aka fitar a ba shi aiki nan take, ko janye kujera ko alƙalanci. Mai kula da kiɗa kuma ya juya musu baya, domin babu abin da ke ɓata wannan wasa kamar zargin an tsayar da kiɗan don wani.

Tseren buhu da na cokali da na ƙafa uku su ne za su ƙona ƙarfin da yaran suka zo da shi, kuma a yi su a matsayin tseren karɓa-karɓa tsakanin rukuni huɗu na mutum biyar-biyar, a tazarar da ba ta wuce taku 12 na babba ba. Kada ki bar shugabanni biyu su riƙa zaɓen mutane, domin wanda aka bari ƙarshe ya san abin da hakan yake nufi, kuma ba ya mantawa. Ke za ki raba su, kowane rukuni da babba da matsakaici da ƙarami, ƙaramin ya fara, babban ya rufe, ta yadda faɗuwa ba za ta ƙare a kan ƙaramin ba. Tseren buhu a kan ciyawa ko yashi kawai ake yi, tunda hannuwa biyu suna riƙe da bakin buhu, wanda ya faɗi kuwa da fuska yake sauka. A tseren ƙafa uku a haɗa masu tsayi ɗaya, a ɗaure ƙafar ɗaya da ta ɗan'uwansa da ƙyalle mai laushi, a bar 'yan ƙasa da shekara 6 a matsayin masu tafi da kirari a wannan zagayen. Cokali a hannu ake riƙewa. Kada a yarda a sa shi a baki, domin yaron da ya faɗi da cokali a baki yana iya sokar ganɗarsa ko maƙogwaronsa. Abin da za a ɗora a kai, dafaffen ƙwai ne ko takarda da aka cukuikuye ta zama ƙwallo. Ina ba wannan tsere muhimmanci saboda shi kaɗai ne natsuwa take rinjayar gudu a cikinsa, kuma sau da yawa yarinya mai sanyin jiki da ba ta ci komai ba tun farkon biki ita ke isa da ƙwanta lafiya, mai rawar kai yana can yana tsintar nasa.

Jan igiya wasa ne mai daraja. Ya kasance cikin gasar Olamfik daga 1900 zuwa 1920, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sanya al'adun jan igiya na Kambodiya da Filifin da Koriya ta Kudu da Biyetnam cikin gadon al'adun ɗan Adam. Sai dai yana da haɗarin da mutane suke rainawa. A 1997 a birnin Taipei igiyar nailan ta tsinke lokacin da mutum kusan 1,600 suke ja, hannuwan mutum biyu suka cire, sai da likitoci suka mayar da su. Yara 20 ba za su kai ga haka ba, amma sanadin rauni iri ɗaya ne: igiyar nailan tana miƙewa, idan ta tsinke ko aka sake ta sai ta dawo da ƙarfi, idan siririya ce kuma ta goge tafin hannu. A nemi kakkaurar igiyar auduga ko ta zaren itace, kada kowa ya naɗa ta a hannu ko a ƙugu, kada a yi mata madauki, kuma a gaya musu tun farko cewa sakin igiya da gangan don abokan karawa su zube laifi ne. Irin da ake yi babu igiya, yara suna riƙe wuyan hannun juna ana ja, ban yarda da shi ba inda akwai 'yan ƙasa da shekara 5, domin fizgar hannu tana gocar musu da gwiwar hannu cikin sauƙi. Idan za ki ji shawarata, ki haɗa yaran duka a gefe ɗaya, iyaye biyu a ɗaya gefen, iyayen su yi ta nishi suna turjiya kafin su bari a janye su.

Bayan guje-guje sai ruwa da abinci a zaune, kuma ba a komawa gudu da abu a baki. Nan ne wurin wasannin zama, babbansu kuwa shi ne miƙa ƙunshi. Ana naɗe wani abu da takarda ninki-ninki, yara a da'ira suna miƙa wa juna ana kiɗa, wanda kiɗan ya tsaya a hannunsa ya ɓare ninki ɗaya. Ki yi ƙunshi biyu don da'ira biyu, ninkin kowanne daidai da yawan yaran da ke da'irar, ki riƙa sauya launin takarda daga ninki zuwa ninki don kada a ɓare biyu a tare. A nan, saɓanin wasan kujeru, mai kiɗa yana satar kallo don kowane yaro ya sami nasa zagayen, sai a ninkin ƙarshe ne zai juya baya da gaske. Iyaye suna saɓani a kan ko a sa 'yar kyauta a kowane ninki. Ni ban ga bukatar haka ba, domin da yaro ya sami tasa hankalinsa ya bar wasan. Ya fi kyau a sa 'yar takarda mai ɗauke da aiki, kamar kwaikwayon kukan wata dabba ko tafiya irin ta agwagwa, a tsakiyar ƙunshin kuma a sa abin da za a raba wa kowa, kamar alli mai launi ko sitika. Kada kuma a shirya yadda mai bikin ne zai ci. 'Yan shekara 9 suna ganewa.

Wasan raɗa, inda ake faɗa wa na farko magana a kunne ta zagaya har ta fito a jirkice, ba ya bukatar komai, amma layin kada ya wuce mutum goma. Akwai kuma wasan tire: a jera ƙananan abubuwa goma, a bari su kalla na rabin minti, a rufe da ƙyalle a zare ɗaya, su faɗi wanda ya ɓace. Kacici-kacici ma yana cike gurbi idan ana jiran wani abu.

Wasan ɓuya shi ne yaran za su roƙa da bakinsu, kuma shi ne nake so ki fi yin taka-tsantsan da shi, saboda yawancinsu ba su san gidan ba. Ki zagaya da su ki nuna iyaka da hannu, ki kulle ɗakunan da ba a shiga, ki ambaci wuraren da aka haramta da sunansu: firji ko firiza ko da ta lalace, injin wanki, akwati mai murfi, cikin mota da but ɗinta, da duk inda ruwa yake a tare. Wannan ba tsoratarwa ba ce. Mutuwar yara a cikin tsofaffin firji masu sakata ce ta sa Amurka ta kafa doka a 1956 cewa dole ƙofar firji ta buɗu daga ciki. A yi yarjejeniyar kira ɗaya wanda da an ji shi kowa zai fito ko an gan shi ko ba a gan shi ba, ki kuma ƙirga kawuna bayan kowane zagaye. Ɗan shekara 4 yakan rufe fuskarsa da labule ƙafafunsa a waje, yana ganin ya ɓace, don haka a haɗa shi da babba su ɓuya tare. Akwai wani salo da ya fi dacewa da biki, inda mutum ɗaya yake ɓuya kowa yana nema, wanda ya gan shi ya lallaɓa ya shige wurinsa, har maɓoyar ta cika ta fara fitar da dariya. Amfaninsa shi ne yaran suna taruwa wuri guda maimakon su warwatsu. Idan gidan bai dace da ɓuya ba, a ɓoye abubuwa maimakon mutane: marafan kwalba ko 'yan katuna 60, kowa ya nemo uku, wanda ya cika nasa ya koma taimakon ƙaramin da bai samu ba, kina cewa “zafi” idan sun matso, “sanyi” idan sun yi nisa.

Wasannin ɗaure ido, kamar liƙa wa hoton jaki wutsiya, ba dole ba ne. Layi ake bi ɗaya-ɗaya, wato jiran da muke gudu, sannan wasu yara suna firgita idan aka rufe musu ido. Idan za a yi, a liƙa hoto biyu, a yi amfani da gam maimakon allura ko ƙusa, kada a juya yaro fiye da sau biyu ko uku, kuma kada ƙyalle ɗaya ya bi idanun yara 20 saboda ciwon ido mai yaɗuwa. Wanda ba ya so a ɗaure shi ya runtse da kansa.

Wani abin da ake mantawa shi ne ƙannen da iyaye suke tahowa da su ba a lissafa da su ba. Hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka tana gargaɗin cewa balan-balan da ba a hura ba, ko gutsuren wanda ya fashe, yana iya shaƙe yaron da bai kai shekara 8 ba, kuma duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita 3.17 ba a barin sa kusa da ɗan ƙasa da shekara 3. Duwatsun carafke da marafan kwalba sun shiga wannan lissafi, don haka a ƙirga su a kwashe da an gama.

Game da kyauta, ra'ayina shi ne kada a rataya ta a kan kowane wasa. Tafi da kirari sun isa ga wanda ya ci, sannan kowa ya tafi gida da abu iri ɗaya. Manyan suna bukatar a faɗi rukunin da ya yi nasara a tsere, kuma a faɗa musu gaskiya, domin cewa “kowa ya ci” raini ne a wurin ɗan shekara 10. Yaron da ya ƙi shiga wasa kada a ja shi ko a yi masa ba'a a gaban jama'a; a ba shi riƙon hankici ko ƙirga maki, galibi a wasa na biyu ko na uku da kansa yake shigowa. Idan akwai wanda ba ya ji sosai, a haɗa tsayar da kiɗa da ɗaga ƙyalle mai launi. Idan akwai wanda ba ya iya gudu, a mayar da tseren cokali na tafiya ga kowa, ba tare da an ce saboda wane aka yi ba. Ki kuma shirya wa kukan ɗanki, domin mai biki ne ya fi kowa yawan fashewa da kuka a ranarsa: ya kwana yana ɗoki, yana ganin komai nasa ne, sai ga shi an kayar da shi a tsakar gidansu. Ki gaya masa tun daren jajibiri cewa shi zai fara jagorantar wasa biyu da ya zaɓa, amma cin wasa sai wanda ya ci.

Ba za ki iya wannan ke kaɗai ba. Ki nemi manya biyu ko uku, ki ba kowa aikinsa tun kafin yara su iso: ɗaya a kan kiɗa da kayan wasa, ɗaya a kan ƙananan da masu neman banɗaki, ɗaya a bakin ƙofa. Ki rubuta wasa takwas a takarda ko da biyar za ki yi, kowanne ki ba shi minti 8 zuwa 12, ki tsayar da shi tun suna cewa a ƙara, domin idan kika jira sai sun gaji da shi, rikici ne zai tsayar miki da shi. Wasan da kika ga bai karɓu ba cikin minti biyu ki wuce shi ba tare da bayani ba. Minti 20 na ƙarshe kuma kada ki tsara komai a ciki, tunda iyaye za su fara zuwa ɗauka ɗaya-ɗaya, kuma duk wasan rukuni zai riƙa rushewa. Ki bar musu alli da igiya da hankicin, su zaɓi wanda ya fi burge su su gudanar da kansu, mai tsaron ƙofa kuma ya riƙa soke sunan duk yaron da aka ɗauka daga takardar baƙi.